GUBAR DA BA KISHIYA CE TA ZUBA BA

 A wannan fitowa zan ɗan ajiye zancen soyayya a gefe, domin akwai maganar da ta daɗe tana cin raina, kuma na tabbata duk macen da ta taɓa kwana zaune da yaro a cinya jikinsa na zafi za ta gane abin da nake nufi.

Mu marubutan littattafai mun saba kawo labarin kishiya da guba. Za ku ga uwargida ta lallaɓa kicin ta barbaɗa wani abu a kunun ɗan amarya, ko amarya ta je wajen boka ta karɓo ƙulli. Masu karatu suna son irin wannan labari domin akwai wadda za a tsana, akwai wadda za a tausaya wa, a ƙarshe kuma asiri ya tonu. To amma akwai wata guba da ta kashe yara a ƙasar nan fiye da duk kishiyoyin da ke cikin littattafanmu in aka haɗa su. Ita wannan guba a kwalba take zuwa, da zaƙinta, kuma uwar yaron ce da kanta take ɗura masa a cokali tana lallashinsa tana cewa sha ka warke.

Bari in fara da abin da ya faru a shekarar 1990, tun kafin a haife ni. Tsakanin watan Yuni da Satumba na wannan shekara, yara 47 suka rasu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, kusan dukkansu da alamu iri ɗaya: zazzaɓi, amai, gudawa, sannan fitsari ya ɗauke ɗif. Haka aka samu a Ibadan. Da aka haɗa lissafi, yara 109 aka rasa. Da likitoci suka bi diddigi, sai aka tarar duk sun sha ruwan farasitamol, wannan dai da kowace uwa ta sani, wanda muke kira maganin zazzaɓin yara.

Ga yadda abin yake. Garin farasitamol ba ya narkewa sosai a ruwa, don haka masu haɗa sirof sukan narka shi a cikin wani ruwa mai ɗan kauri da ake kira furofilin gilaikol, ko kuma gilisarin, waɗanda ba sa cutarwa. To akwai wani ruwan da ya yi kama da su ƙwarai, sunansa dayetilin gilaikol. Shi ma fari ne tas, ba shi da wari, ga ɗan zaƙi, ga kuma araha. Amma fa na masana'antu ne, irinsa ake sawa a man birkin mota. In ya shiga cikin mutum, jiki yakan mayar da shi wani abu mai cin ƙoda, ƙodar ta tsaya da aiki, dattin jini ya taru, yaro ya kumbura ya fita hayyacinsa. A 1990 wannan ruwan ne aka sayar wa ƙananan masu haɗa magani da sunan na kirkin, su kuma ba su gwada ba suka zuba, suka ɗura a kwalabe suka sayar. Kun ji inda araha ta kai mu. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado, to a nan har rai ta ɗauka.

Wannan musiba tana cikin manyan dalilan da suka sa gwamnati ta kafa hukumar NAFDAC da dokar soja mai lamba 15 ta shekarar 1993, domin ta riƙa sa ido a kan abinci da magunguna. Iyayenmu sun fi tuna hukumar a zamanin marigayiya Dora Akunyili, wadda ta shugabance ta daga 2001 zuwa 2008. Mace ce da jabun magani ya taɓa ta a gida, domin 'yar uwarta mai ciwon sukari ta rasu a 1988 bayan an yi mata allurar jabu. Ta ƙona jabun magunguna a bainar jama'a, ta rufe kasuwar magani ta Onitsha a 2007, kuma a watan Disambar 2003 'yan bindiga sun buɗe wa motarta wuta, harsashi ya huda ɗankwalinta, Allah Ya yi da sauran kwananta. Duk lokacin da na karanta tarihinta sai in ce lallai ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Sai dai duk da wannan ƙoƙari, a watan Nuwambar 2008 abin ya sake dawowa. Wani sirof na yara masu fitar haƙori mai suna My Pikin, wanda kamfanin Barewa da ke Legas yake yi, ya fara kashe yara a Legas da Ibadan da kuma Zariya, inda aka yi ta kai su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. Zuwa watan Fabrairun 2009 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ce yara 84 ne suka rasu. Gubar kuwa ita ce dai ta 1990, dayetilin gilaikol, an sayo ta daga hannun wani ɗan kasuwar sinadarai marar rajista. A shekarar 2013 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta yanke wa ma'aikatan kamfanin biyu ɗaurin shekara bakwai-bakwai. Lokacin da abin ya faru ina 'yar ƙarama, amma Inna tana ba mu labarin yadda aka yi ta sanarwa a rediyo, mata suna fito da kwalaben maganin haƙori daga bayan kwalla suna kai wa 'yan makaranta su karanta musu sunan da ke jiki.

Kada wata ta ɗauka abin namu ne mu kaɗai. A 2022 yara kusan 70 suka rasu a ƙasar Gambiya bayan sun sha sirof ɗin tari da na mura da wani kamfanin Indiya mai suna Maiden ya yi, kuma da aka haɗa da na Indunusiya da Uzbekistan, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an rasa yara fiye da 300. Ko Amurka da ake ganin ta kai ƙarshe a tsari ba ta tsira ba. A 2012 wani wurin haɗa magani a jihar Masacusets ya rarraba allurar ciwon baya da ta gurɓata da fumfuna, mutane 753 suka kamu a jihohi 20, 64 suka mutu, yawanci da sanƙarau. Sai a 2013 suka yi sabuwar doka da ta ba hukumar magungunansu ikon sa ido sosai a kan manyan wuraren haɗa magani. Abin da na lura da shi a duk waɗannan labarai shi ne, ko a ina, sai an binne mutane sannan doka take ƙara tsanani.

Yanzu bari in dawo gida, domin a nan ne abin ya fi damuna. Mu a ƙasar Yauri ruwa ne ya raba mu kuma shi ya haɗa mu. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya mamaye tsofaffin garuruwa, aka sake wa dubban mutane matsuguni, jama'armu suka bazu a bakin tafki da cikin gungu-gungu, daga nan Yelwa har ƙasar Ngaski, ga kuma ƙauyukan Shanga a ɗaya gefen. Akwai ƙauyen da in yaro ya kwanta ciwo da dare, sai an jira gari ya waye, a nemi mai jirgi, a sayi mai, sannan a kamo hanyar asibiti. A irin wannan wuri likitan kowa shi ne mai kemis, in ma akwai shi. In babu, sai mai tallar magani da ke zuwa ranar kasuwa, da kwali ɗaure a bayan babur ko faranti a ka, rana tana dukan magungunan tun safe har la'asar.

Ba na raina waɗannan bayin Allah. Da yawa daga cikinsu sun ceci rayuka, sun ba da bashi da tsakar dare lokacin da babu wanda zai buɗe maka ƙofa. Abin da nake tsoro shi ne abin nan da muke kira haɗi. Za ka ji mace ta tura yaro da kuɗi ta ce, "Je ka ce a ba ni haɗin zazzaɓi na ɗari biyu." Sai a ɓallo ja ɗaya, fari biyu, kafso mai ruwan ɗorawa ɗaya, a ƙulle a leda. In na jariri ne kuma, a tsiyayo daga wannan kwalba, a tsiyayo daga waccan, wani lokaci har a daka ƙwaya a zuba, a girgiza a miƙo. Babu suna a jiki, babu ranar da zai lalace, babu adadin da za a sha in ban da "ki ba shi safe da yamma". Wannan fa shi ne haɗa magani, aikin da ko masanin da ya yi shekaru a jami'a yana karantarsa sai ya auna da ma'auni yake yi. A doka, mai lasisin ƙaramin shagon magani ba a yarje masa ya haɗa ba, kuma ba a yarje masa ya yi allura ba. Abin da aka ba shi dama shi ne ya sayar da wasu magunguna da aka ƙayyade, a cikin kwalinsu na asali yadda kamfani ya rufe.

Shekara uku da suka wuce wannan abu ya shigo har cikin danginmu. Yayana yana zaune da matansa biyu a wani ƙauye a bakin ruwa, yana sana'ar kifi. Amaryarsa tana goyon ɗanta na fari, wata takwas da haihuwa. Yaron ya fara zazzaɓi da gudawa, tsofaffi suka ce haƙori ne, aka aika wajen wani mai tallar magani ya haɗo na haƙori a wata 'yar kwalba. An ba shi da rana, an ƙara da magariba. Da asuba aka tashe shi ya ƙi tashi, jikinsa ya saki kamar tsumma, ko nono ba ya iya kamawa.

Kafin a sami jirgi, magana ta riga ta zaga gida. An tuna cewa jiya da safe uwargida ce ta ɗauki yaron ta ba shi koko lokacin da uwarsa take wanki. Gwaggonmu ta tsaya a tsakar gida ta ce, "Ni dama na faɗa, wadda ta shekara goma sha biyu ba ta samu namiji ba, ai ba za ta so na wata ya rayu ba." Baiwar Allah nan ta durƙusa tana kuka tana rantsuwa, babu mai saurarenta. Yaya kuwa hankalinsa ya tashi, ya ce ta tafi gidansu sai ya neme ta.

Da suka iso Yelwa ni na tarbe su muka wuce asibiti. Wata dattijuwar nas ta duba idon yaron, ta taɓa cikinsa, sannan ta dubi amarya ta ce, "Baiwar Allah, yaushe rabonsa da fitsari?" Amarya ta ce da dare ya jiƙa zani. Nas ta ce, "Alhamdu lillahi. To me kuka ba shi?" Gwaggo ta karɓe zancen, "Sista, koko ne kishiyar uwarsa ta ba shi." Nas ko kallonta ba ta yi ba, ta ce, "Hajiya, magani nake tambaya. Ina kwalbar?" Allah Ya taimaka amarya ta ƙullo ta a bakin zani. Nas ta ɗaga ta sama, ta juya gaba ta juya baya, babu ko harafi ɗaya a jiki. Ta ce wa Yaya, "Malam, da alama an zuba maganin sa barci a cikin wannan, kuma ya fi ƙarfin jariri. Da akwai suna a jiki da mun san abin da muke yaƙi da shi. Yanzu sai dai mu yi ta ƙarin ruwa muna dubawa."

Kwanansu huɗu a asibiti, yaro ya farfaɗo, yau ga shi nan yana guje-guje a bakin ruwa. Amma uwargida sai da ta yi wata uku a gidan iyayenta kafin manya su shiga tsakani a yi biko. Ta dawo, sai dai har yau ba ta yarda ta miƙa wa yaron nan ko ruwan sha. In ya zo wajenta da kuka sai ta kira uwarsa ta ce zo ki ɗauki ɗanki. Mai maganin kuwa ranar kasuwa ta gaba ya dawo da babur ɗinsa, ya yi cinikinsa ya tafi, domin babu takarda ko suna da za a kama shi da shi.

Nakan zauna in yi tunanin iyayen yaran 1990 da na 2008. Su nawa ne a cikinsu aka zargi kishiya, ko aka ce wata tsohuwar maƙwabciya ce mayya, kafin likitoci su gano kwalba? Mu a wajenmu in yaro ya mutu farat ɗaya, abu biyu muke cewa: ko kwana ne ya ƙare, ko hannu aka sa masa. Na farkon gaskiya ne, kowane rai da ajalinsa, amma addininmu bai hana a binciki sanadi ba. Na biyun kuwa shi ne yake raba aure, ya raba zumunci, ya bar ainihin mai laifi yana yawo. A Jos da Zariya an gano gubar ne saboda yaran sun taru a babban asibiti guda, likitoci suka ga abin ya yi yawa suka fara tambaya. Yaron da ya rasu a gungu, aka yi masa sutura kafin azahar, ba ya shiga lissafin kowa.

Gaskiya ne an ƙara ɗaure ɗamara a 'yan shekarun nan. Tun 2010 aka fito da tsarin nan na kankare wani wuri a jikin kwalin wasu magunguna, musamman na zazzaɓin cizon sauro, a tura lambar ta waya a sami amsa ko na gaskiya ne. A 2022 an yi sabuwar dokar hukumar da ke kula da masu harhaɗa magani da masu shagunan sayar da shi, wadda ta ƙara mata ƙarfin rufe shago da hukunta mai laifi. A watan Fabrairun 2024 an rufe shagunan magani fiye da 1,000 a Sabon Garin Kano da kewayenta, aka ce 'yan sari su koma sabuwar cibiyar da aka gina a Dangwauro a kan hanyar Zariya, inda jami'ai za su riƙa ganin abin da ke shiga da fita. Wannan ya shafe mu, domin Kano babbar mahada ce ta sarin magani a Arewa, in aka tsaftace bakin rijiya kowa zai sha mai kyau. To amma jami'in da ke da ofis a babban birnin jiha, sau nawa zai hau jirgin ruwa ya je ya duba kwalin da ke bayan babur a kasuwar ƙauye? Ina roƙon hukumomi da masarautarmu ta Yauri da hakimai da limamai su shigo cikin maganar nan. A san masu sayar da magani na kowace gunduma da sunansu, a koya musu iyakar aikinsu, wanda ya ƙi ji a hana shi kasuwa.

Kafin wannan ya samu, akwai abin da ke hannunmu mu mata. Kada ki karɓi ruwan magani a kwalbar da ba ta da suna, ko da wanda ya ba ki ɗan uwanki ne. Ki karɓa a kwalinsa, murfi a rufe, da lambar NAFDAC, da ranar da wa'adinsa zai ƙare. In ba ki iya karatun boko ba, ba abin kunya ba ne ki kira 'yarki ko ɗan maƙwabta ya duba miki. Na san lamba kaɗai ba ta isa ta tabbatar da komai ba, tun da masu jabu ma suna buga ta, amma maganin da ke da suna da lambar zubi ana iya bin sawunsa a janye shi daga kasuwa, kamar yadda aka yi wa My Pikin. Haɗin leda kuwa babu mai iya bin sawunsa.

Sannan kada ki yar da kwalba ko kwali sai yaro ya warke sarai, in kuma za ku asibiti ki tafi da duk abin da aka ba shi, har da na gargajiya, ki faɗi gaskiya ko da za a yi miki faɗa. Ki riƙa lura da fitsarin ɗanki. In yaro yana shan magani sai kika ga ya wuni bai jiƙa zani ba, ko fuskarsa ta kumbura, ko barci ya yi masa nauyi fiye da kima, ki dakatar da maganin nan take ki nemi asibiti, kada ki jira ranar kasuwa. Maganar haƙori kuma, likitocin yara sun nuna cewa fitar haƙori ba ta kawo zazzaɓi mai zafi ko gudawa mai yawa. Sau da yawa cizon sauro ne ko wata cutar daban take ɓuya a bayan sunan haƙori, muna ta ɗura sirof ciwo yana ci gaba.

Ku kuma iyayen gida maza, don Allah ku daina miƙo ɗari biyu daga bakin ƙofa kuna cewa a sayo haɗi. Ku je da kanku, ku tambayi sunan maganin, ku dubi kwalin. Kuma in wani abu ya sami yaro, kafin ku nuna wa matarku hanyar gidansu, ku fara tambayar abin da aka ba shi ya sha. Iyayenmu surukai da gwaggonni, ina neman afuwa in na yi tsaurin ido, amma kalma ɗaya daga bakinku tana iya rushe zaman shekara goma sha biyu, kuma zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Masu kemis da masu talla, ku ji tsoron Allah a kan 'ya'yan mutane. In ciwo ya fi ƙarfin saninku ku ce a tafi asibiti, wannan ba zai rage muku daraja ba, ƙara muku zai yi. Ribar da za a samu a kwalba ɗaya ba ta kai a tsaya da ita gaban Ubangiji ranar gobe ba.

A nan zan dakata. Wadda ta karanta ta karanta wa wadda ba ta iya ba, musamman 'yan uwanmu na ƙauye da na cikin ruwa, domin in kunne ya ji jiki ya tsira. Allah Ya jiƙan yaran da muka rasa, Ya ba iyayensu haƙuri, Ya raya mana waɗanda ke hannunmu cikin ƙoshin lafiya, Ya kuma kare mu daga zargin wanda bai ji ba bai gani ba. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Taku a kullum, daga Yelwan Yauri.